Kar-a-taɓa Da Sabobinsa Masu Suna Ɗaya

Akwai wani suna da aka ɓoye shekara da shekaru a kamfaninmu na sayar da tikitin mota. Sunan nan ya tsayar da motoci a tasha, ya kusa kashe aure, ya kuma sa wani ƙaton mutum mai tumbi ya zagi kansa da bakinsa a gaban ma'aikatansa. Zan faɗa muku shi, wallahi zan faɗa. Amma ku daina ja mini mayafi. In na faɗa yanzu ba za ku ji daɗinsa ba, tunda ba ku san wanda ya laƙaba shi ba.

Mutumin dai Kar-a-taɓa ake ce masa. Yana da sunan gaskiya mana, amma ko matarsa sai ta yi tunani kafin ta tuno shi. Dogo ne siriri, fuskar nan kullum a murtuke kamar wanda aka taka wa yatsa a layin banki. In ka ce masa ina kwana sai ya dubi agogo tukuna, ya tabbatar ba ƙarya ka yi ba. An ce rabon da a ga haƙorinsa tun ranar da likita ya cire masa ɗaya.

Shi ne auta a gidansu. Mahaifiyarsu ta rasu yana rarrafe, don haka yayarsa ce ta goya shi, ta yi masa wanka, ta zane shi in ya yi laifi, ta kai shi makaranta yana ihu. Har yau duk duniya ita kaɗai ke iya ce masa zauna ya zauna. Yana ɗan mitsitsinsa ya kwance rediyon babansu ya mayar, ƙusoshi suka yi saura a hannunsa, amma rediyo ta yi magana. Shi ke nan, daga ranar ya hana kowa taɓa ta, har mai rediyon. Tsoho zai miƙa hannu ya murɗa tasha, sai ka ji wata 'yar murya daga ƙarƙashin gado: "Kar a taɓa!" Nan sunan ya bi shi.

Sai dai akwai wata ɗabi'a tasa da ya kamata ku riƙe, don ita ce ta kai shi ta baro. Kar-a-taɓa ba ya rama magana da baki. In ka ɓata masa rai sai ya haɗiye, ya je gida ya nemi wani abu mai ban haushi ya laƙaba masa sunanka. Babur ɗinsa da ba ya tashi sai an tura, Hedimasta yake ce masa. Kyanwar da ke shigo masa kicin sata, Maƙwabciya. Fankar ɗakinsu mai ƙarar tsiya kuwa Suruka ce. Yana kwance zai ce wa matarsa, "Don Allah kashe Suruka, ta cika mini kunne," ita kuma baiwar Allah ta tashi ta kashe tana harararsa.

Ya yi gyaran waya a wani ɗan shago, ya koyi kwamfuta da kansa, ya kori kwastomomi da baƙin hali har shagon ya mutu. Lokacin Yaya ta daɗe da auren Maigida, mai motocin dogon zango. Ta yi ta naci, ta yi kuka, ta yi fushi, har Maigida ya ɗauki ƙanenta aiki don a bar shi ya ci abinci lafiya.

To, Maigida na son mutane su riƙa sayen tikiti ta waya. Wannan kuwa sai da saba, wato kwamfutar da ba ta barci, ita ke karɓar mai saye ta ba shi kujera. Ba a ofis ake ajiye ta ba. Hayarta ake yi a hannun wani kamfani can nesa, abin da masana ke ce wa gajimare. Mu dai mun leƙa sama ba mu ga komai ba. Kar-a-taɓa aka ba aikin kafa ta.

Ranar da yake kan aikin, Maigida ya shigo da baƙi masu manyan riguna yana zagayawa da su. Da suka iso teburinsa sai ya dafa masa ƙeya ya ce, "Wannan ƙanen madam ne. A cikin kayan ɗaki aka kawo mini shi, da shi da kujeru. Kujerun dai sun yi amfani." Baƙi suka tuntsire da dariya. Bai tsaya nan ba, ya zaro kuɗi ya ce, "Kai, tashi ka sayo musu ruwa mai sanyi."

Kar-a-taɓa ya je ya sayo. Ya dawo ya zauna, kunnuwansa na huci. A gabansa allon kwamfuta na jira a ba sabuwar saba suna, don kowace saba da sunan da take kiran kanta da shi. Ya dubi ƙofar da Maigida ya fita, ya dubi allo, ya lanƙwasa yatsu, ya buga.

A'a, ban faɗa ba tukuna. Ku zauna.

Washegari da ya kashe sabar ya kunna, sai ya tarar sunansa ya goge. Ashe masu gajimaren nan suna saka wani ɗan tsari a cikin kowace saba, wanda da ta farka zai ba ta suna nata na kanta, wasu lambobi marasa daɗin ji. Mutumin da ya hana ubansa taɓa rediyo, shi za a goge wa suna? Ya bi lungu-lungu har ya gano inda abin yake, ya kashe shi, ya mayar da sunansa ya zauna daram. Don ƙarin mugunta, rumbun da ake ajiye lissafin kujeru, wane ya saya wane bai saya ba, ya ɗaure shi yadda ba zai buɗe wa kowa ƙofa ba sai sabar da ta zo da wannan suna. Ya yi haka, shekaru suka bi ta kai, ya manta ya yi.

Kasuwa ta buɗe. Saba ɗaya ta kasa ɗaukar jama'a, sai ya ɗauki hotonta. Ba hoton rataye a bango ba. Ku ɗauka kamar abin buga bulo ne: duk abin da ke jikinsa, har ɗan tabon da ke gefe, sai ya fito a jikin kowane bulo. Ya tsara yadda in masu saye suka yi yawa, za a riƙa bugo sababbin sabobi daga hoton nan kai tsaye, in an ragu a rushe su. Aiki mai kyau, ba a hana shi. Sai dai ya ɗauki hoton ne da sunan a ciki, da kuma ɗan tsarin nan a kashe. Saboda haka duk wadda aka bugo, da ta buɗe ido sai ta ce ita ce wance, sunan ta farko. Ta biyu haka, ta goma haka. Ranar da makarantu suka ba da hutu kuwa, garke guda ake yi, duk suna ɗaya.

Ya sani sarai. A shafin masu gajimare ya manna musu lakabi na mutunci, ta ɗaya, ta biyu, ta uku, don ko wani zai leƙa. Amma a ciki kowacce na aiko da rahoton abin da take yi, tana sa hannu da sunan gaskiya, kuma shi kaɗai ke da makullin wurin, wato kalmar sirrin shiga. Kowace safiya zai kulle ɗakinsa, ya zuba shayi daga fulas, ya buɗe rahoto ya ga sunan nan jere reras daga sama har ƙasa. Masu shara sun rantse sun sha jin wani sauti daga ɗakin kamar ana jan tebur. Dariyarsa ce.

Mulki kuwa ya yi shi. Ɗakinsa ne kaɗai mai na'urar sanyi da ke aiki, wai saboda na'urori, alhali na'urorin suna wata ƙasa. Akanta ya taɓa shiga neman a gyara masa firinta, ya fito yana tambayar mutane ko shi ne ya kashe uban wani. Mai shara ta goge masa tebur sau ɗaya, ya bi ta har bakin titi da tsumman. In tikiti ya tsaya aka buga masa ƙofa, sai ya ce ta ciki, "Netwok ne." In aka ce ai netwok lafiya lau, sai ya ce, "To naku ne lafiya." Shi kansa Maigida ya so ya kore shi ya fi a ƙirga, amma duk ranar da ya furta, sai ya koma gida ya tarar da Yaya ta ɗaure kai da ɗankwali tana ciwon kai. Ga shi kuma babu wanda ya san makullin sai shi. Makullin nan shi ne kujerarsa, shi ne sanyin ɗakinsa, shi ne dalilin da ya sa ake gaishe shi ba ya amsawa.

Ana nan sai Maigida ya yi dabara, ya ɗauko wata injiniya. 'Yar gajeruwa ce mai gilashi, da jaka a baya kamar 'yar makaranta, ba ta ɗaga murya. Kafin sati ya zagayo an sa mata Me-ya-sa, don ba ta da wata magana sai ita.

"Me ya sa ba ni da izinin ganin rahoto?"

"Don ba naki ba ne."

"Me ya sa hoton da ake bugo sabobi da shi ya tsufa haka?"

"Ke ma za ki tsufa."

"Me ya sa..."

"Malama, kar a taɓa. Ga kujera can kusa da banɗaki, je ki zauna ki ci albashi."

Ta je ta zauna. Amma kullum sai ta dawo, da sallamarta, da me-ya-santa. Matarsa ta ce a satin ne ya sa wa wani sauro da ya hana shi barci Injiniya.

Rigimar ta ɓarke ne da aka shiga hutu. Ɗaya daga cikin garken ta samu taɓin hankali, ta koma sayar da kujerar da aka riga aka sayar. Ku zo ku ga tasha! Mutum biyu kujera ɗaya, kowa da shaidarsa a waya. Wata tsohuwa ta zauna a cinyar wani ɗan sanda ta ce ba za ta tashi ba sai an kira mai kamfani. Wasu 'yan kasuwa biyu suka ba hammata iska a kan kujerar taga har aka rasa wanda ya fi yagewar riga. Wayar ƙorafi ta ofis, wadda ni ke amsa ta, sai da ta yi zafin da za a iya guga da ita.

Me-ya-sa ta buga ƙofa. "Saba ɗaya ce ta lalace. A duba rahoto a ga wacce, a rushe ta, shi ke nan."

Kar-a-taɓa na zaune a gaban rahoton, gumi na bin bayansa duk da sanyin ɗakin. Yana ganin kuskuren ƙuru-ƙuru. Amma wace ce ta yi? Duk sunansu ɗaya, duk sa hannunsu ɗaya. Kamar a tara maka 'yan biyu cike da ɗaki, a ce ka nuna wanda ya yi tusa. Ya rushe ɗaya a kan zato, ashe lafiyayya ce. Ya rushe wata, ita ma haka. Mahaukaciyar na nan a cikinsu tana raba kujeru kamar sadaka.

"Netwok ne," ya ce.

Wannan karon Maigida bai saya ba. Ya tara mu ya ce ya gaji da ɗakin duhu. Gobe-goben nan za a kafa ƙaton talabijin a tsakiyar ofis, rahoton sabobi ya riƙa fita a kai kowa ya gani, har shi da bai iya karanta shi ba. Kar-a-taɓa ya koma ɗaki ya manta bai murɗa makullin ƙofa ba, abin da bai taɓa yi ba tunda aka haife shi.

Sai jin numfashi ya yi a bayansa. Me-ya-sa ce, ta gyara gilashi tana karanta allon. Ta karanta layin farko, ta karanta na biyu, ta sa hannu ta toshe baki. Kafaɗunta suka yi ta rawa.

"Fita."

"Yallaɓai, duka? Duka haka sunansu?"

"Na ce fita!"

Ta tura ƙofa ta rufe, amma tana ciki. Ta ce, "Ni ba ruwana da rigimar gidanku. Gyaran ba wuya. A bugo saba ɗaya daga hoton, a kunna abin da ka kashe don kowacce ta karɓi sunanta in ta farka, a duba duk abin da ya dogara da tsohon sunan, sannan a ɗauki sabon hoto. Sai a riƙa musanya su ɗaya bayan ɗaya, ba wanda zai ji ko tari. Tsohon rahoto kuma a kawar da shi gefe. Ba ni makullin, kafin a rataye talabijin sunan ya ɓace. Ba mai ji daga bakina."

Ku duba fa. Ƙofar tsira ce aka buɗe masa har da shimfiɗa. Amma shi abin da kunnensa ya ɗauka kawai shi ne "ba ni makullin". Ya dube ta sama da ƙasa, bai daɗe ba don ba ta da tsawo.

"Wato da wannan kika zo. Shi ya turo ki ki ƙwace mini ɗaki."

"Me ya sa kake..."

"In kika ƙara ce mini me ya sa, sai na sa wa masai sunanki. Ni na haifi sabobin nan, ni zan canza musu suna. Ba sai wata 'yar jaka ta koya mini ba."

Ta ɗaga kafaɗa ta fita. A bakin ƙofa ta waiwayo ta ce, "Ka dai duba abin da ya dogara da sunan." Ya maka mata ƙofa.

Da safe mai lantarki ya hau tsani yana kafa talabijin. Kar-a-taɓa na leƙensa ta labule, yana ganin ƙusa na shiga bango kamar a ƙirjinsa ake buga ta. Lokacin ne kuma masu saye suka fi yawa, garke ya cika. Mai hankali zai bi a sannu. Shi kuwa ya rubuta umarni ɗaya ya aika wa dukkansu a tare: kowacce ta ajiye tsohon suna ta ɗauki sabo. Suka ajiye. Ya jingina da kujera ya ɗauki kofin shayi.

Kofin bai kai baki ba. Sabobi suka je ƙofar rumbu da sababbin sunayensu, rumbu ya ce bai san su ba. Wa ya ɗaure shi haka? Shi. Tikiti ya tsaya cak. Ba kujera biyu ba, ba ɗaya ba, babu ko rabi. Motoci suka yi layi a tasha da injin a kunne, fasinjoji na dukan gilashi, direbobi suka cika mota guda suka taho ofis da kansu.

Maigida ya shigo tumbi na gaba yana biye, direbobi a bayansa, mu kuma kowa ya bar teburinsa wai zai sha ruwa. Daidai nan mai lantarki, bawan Allah da bai san hawa ba bai san sauka ba, ya haɗa waya ya ce, "Ranka ya daɗe, ta kawo."

Ta kawo kuwa. Suna dai an canza, amma rahoton safiyar yana nan bai je ko'ina ba. Ya cika bango, harufa manya-manya kamar allon talla, daga sama har ƙasa, kowane layi da abin da ya fara:

mijin-yaya-jaki-ne

To, ga shi nan. Na ce zan faɗa.

Kar-a-taɓa dai yaya ɗaya gare shi a duniya, ita kuma miji ɗaya gare ta, ga shi nan tsaye da hula. Wani direba da bai iya karatu sosai ba ya shiga haɗa baƙi da ƙarfi, "Mi... jin... ya..." aka toshe masa baki. Gaban kowane layi akwai bayani da Turanci, Akanta kuma, wanda ya daɗe yana jiran ranar ramuwar firinta, ya matso da ladabi yana fassarawa. "Wannan ya ce mijin Yaya jaki ne, ya gaji. Na ƙasa ya ce mijin Yaya jaki ne, cikinsa ya cika. Wannan kuma, ranka ya daɗe, ya ce ba ya amsa kira."

"Rufe mini baki!" in ji Maigida.

Maigida ya juya. Fuskarsa ta kumbura har hular ta ɗaga. "Tun yaushe?"

Kar-a-taɓa ya fito bakin ƙofarsa. Ya ga dai ruwa ya ƙare, sai taurin kan ya taso masa. "Tun ranar ruwa mai sanyi."

"Wane ruwa?"

Ashe ma bai tuna ba. Wannan ya fi komai ƙona wa Kar-a-taɓa rai. Shekaru yana kiwon jakuna saboda magana ɗaya, mai maganar ko a jikinsa.

Wayar Maigida na ta ruri, tasha ce. Ya daka wa Me-ya-sa tsawa ta tayar masa da tikiti yanzu-yanzu. Ta gyara gilashi ta ce, "Gyara na gaskiya sai gobe, ranka ya daɗe, kuma sai da makulli. In yanzu kake so motoci su tashi, hanya ɗaya ce. Rumbun tsohon sunan kawai ya sani. Sai an mayar musu da shi."

Na rantse muku har tumbin sai da ya motsa. Maigida ya dubi bango, ya dubi direbobi, ya dubi wayar da ke kuka a hannunsa.

"Mayar," ya ce, can ƙasan maƙoshi.

Kar-a-taɓa ya zauna ya ɗora yatsu a kan madannai, ya tsaya. "Me zan mayar, ranka ya daɗe?"

"Sunan."

"Wanne? Sunaye da yawa a duniya."

"Ka san shi, ɗan banza!"

"Na ruɗe, ranka ya daɗe. Ka ga hannuna na rawa. In na kuskure harafi ɗaya rumbu ba zai buɗe ba. Gara ka faɗa ina bugawa."

Ga shi rubuce a bango kamar gida, amma ya ƙi ɗaga kai. Direbobi suka sunkuyar da kai suna cizon leɓe. Waya ta sake ruri. Maigida ya rufe ido, ya faɗa, kalma-kalma, kamar mai haɗiyar ƙwayar magani ba ruwa. Da ya zo kan ta ukun wani direba ya fita da gudu, muka ji shi a matakala yana shiɗewa.

Tikiti ya tashi. Garke ya koma sunansa, har da mahaukaciyar a ciki. Maigida ya miƙa hannu ya ce, "Makulli." Kar-a-taɓa ya ce, "Kar a taɓa," ya shige ɗaki ya murɗa ƙofa.

Bayan azahar sai ga Yaya. Ba ta gaishe da kowa ba. Babbar mace ce mai tafiyar ƙasaita, jakarta a hammata kamar za ta doki wani da ita. Ta buga ƙofa sau ɗaya ta ce, "Auta." Ƙofar da ta gagari Maigida da direbobi ta buɗe kamar da iska. Ta shiga ta rufe.

Ni kuwa, da yake ni ce mai amsa waya, teburina kuma na kusa da wurin, sai abin kunnena ya faɗi daidai bakin ƙofar. Dole in durƙusa in nema.

"Ni ka tozarta, Auta, ba shi ba. Da jaki kawai ka rubuta, wa zai san wanne? Jakuna sun ƙare a gari ne? Sai da ka jawo ni ciki. Mijin Yaya! A bango!"

"Yaya, shi ya fara. Cewa ya yi a kayan ɗaki..."

"To ƙarya ya yi? Ba ni na kawo ka ba? Na goya ka a baya, na goya ka a gidan miji, yanzu ga furfura a gemunka ina goyonka. Ya kira ni ya ce in zaɓa, ko makulli ya kwana a hannun yarinyar nan, ko ni in kwana a gidan ubana. Da jikokina, Auta. Ina za ni?"

Sai ya tambaye ta:

"In na bayar, ni kuma fa?"

"Tasha. Za ka riƙa duba tikitin fasinja a bakin mota. Da kyar na samo maka wannan ɗin ma, sai da na yi ciwon kai na gaske."

"A rana?"

"A rana. Ka ga mutanen da ka haɗa faɗa ido da ido."

Mutumin da ya hana ubansa rediyo, ya hana kamfani guda leƙa ɗakinsa, na ji muryarsa ta koma irin ta ƙarƙashin gado. "Shi ke nan, Yaya. Ke zan faɗa wa, ke ki kai mata. Ni ba zan iya kallon gilashin nan ba."

"Faɗi. Allah ya sa dai ba wani zagin ba ne."

Ya yi gyaran murya. Na manna kunne har sai da katako ya yi mini zane a kumatu.

"Ki riƙe da kyau, duk ƙananan baƙi ne. Mai, amsa, waya..."

Ban san lokacin da goshina ya daki ƙofar ba. Ta buɗe, na tafi luu sai a kan takalminsa. Kar-a-taɓa ya dube ni daga can sama, ya dubi kunnuwana, kowanne da abinsa a maƙale lafiya lau.

"Ƙaraso ciki mana, uwar gulma," ya ce. "Kin wahala a tsugune. Ragowar ma duk taki ce."